Ƙwan enaji da jan ƙafarsa da asuba: laifin wuta ne ko na ƙwai?

Ladan Rafindadi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu sanin harkar wuta. Ƙwayayen da ke masallacinmu irin enajin nan ne masu murɗaɗɗen gilashi, an sa su da daɗewa. Tun da hunturu ya shigo, in na kunna su kafin kiran assalatu sai su kawo wani haske dishi-dishi mai ɗan ja, ko agogon bango ba ka iya karantawa. Kafin in gama kiran salla sun yi fari tas. Da magariba kau ba su cika yin haka ba. Wasu 'yan kwamiti sun ce a cire su duka a zubar, wai sun lalace. Ni kau ina ganin abin da ya lalace ba ya gyara kanshi cikin minti biyu. Kuɗin jama'a ne, shi ya sa nake son jin ta bakin masana kafin a taɓa asusu.

Audu Mai Sola:
Wa alaikumus salam Baba Ladan. Rashin ƙarfin wuta ne kawai. A cire su a sa LED a huta.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Malam Ladan, Allah ya saka da alheri da kula da dukiyar masallaci. Ni a Babbar Kasuwa nake, kuma na sayar da enaji da kwali-kwali lokacin da yake tashe. Abin da zan gaya maka shi ne jabu ya yi yawa a cikinsu. Za ka ga an rubuta wat 85 a jikin kwali, ka ɗauka ka ji shi sakayau a hannu, gindin ba komai a ciki sai 'yan tarkace. Irin wannan ai dole ya yi ta nishi kafin ya kawo haske. Ka diba mani sunan da ke jikinsu, zan gaya maka ko na kirki ne.

Bishir Wayarin:
Audu, a nan ban bi ka ba. Wuta da asuba ta fi ƙarfi a kusan kowace unguwa, don injinan niƙa da masu walda duk suna kwance. Ka sa mita a soket da ƙarfe biyar na asuba, ka sake sawa bayan magariba, za ka ga da magaribar ce take zubewa ƙasa da bolt 230 ɗin da ya kamata. Da rashin ƙarfi ne, da Baba Ladan da magariba zai yi kuka, ba da asuba ba.

Audu Mai Sola:
Oga Bishir, ka manta hunturu ake. Da asuba kowane gida an jona hita ana dafa ruwan wanka. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a kan taransifoma.

Bishir Wayarin:
Ka kawo magana, hita na jan wuta ƙwarai. To ga yadda za a raba gardamar ba tare da an kashe ko sisi ba. Baba Ladan, gobe in Allah ya kai mu, ka kunna su kamar kullum. In sun yi fari tas, ka kashe, ka ƙirga goma, ka sake kunnawa. In wuta ce mai rauni, za su sake komawa dishi-dishi, don wutar ba ta canza ba cikin daƙiƙa goma. In kau suka tashi da cikakken haskensu nan take, to ba wuta ba ce, abin yana cikin gilashin.

Malam Lawal Fiziks:
Gwajin da Bishir ya kawo shi ne daidai, kuma ina iya faɗin sakamakon tun yau: za su tashi da haske nan take. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, don in aka gane yadda ƙwan ke aiki, duk sauran tambayoyin za su warware.

Ƙwan da muka taso da shi, mai siririyar waya a tsakiya, wuta ce ke bi ta cikin wayar ta gasa ta har ta kai zafin digiri 2,500, sai ta yi haske. Wayar siririya ce ƙwarai, kafin ƙiftawar ido ta ɗauki zafi. Shi ya sa muka saba da cewa ana danna makunni haske ke zuwa. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ba haske ba.

Enaji ba da gashi yake haske ba. Murɗaɗɗen gilashin nan bututu ne da aka zuƙe iskar cikinsa, aka sa iskar agon kaɗan da ɗan mitsitsin ɗigon zaiba, wato makuri. A kowane bakin bututun akwai 'yar waya da aka shafa wa sinadarin da ke sakin ilektiron in ya ji zafi. Da ka kunna, ilektiron sai su ratsa bututun daga wannan baki zuwa wancan, suna karo da tururin zaiba. Kowane karo na sa zaibar ta fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, ultrabayolet. Farin garin nan da aka shafe cikin gilashin da shi, shi ke shanye wannan hasken ya mai da shi farin da muke gani.

Abin lura shi ne tururin zaibar ke aiki, ba ɗigon ba. In ƙwai ya kwana a kashe cikin sanyi, yawancin tururin ya koma ya kwanta a wurin da ya fi sanyi a jikin gilashin. Kamar turaren wuta ne a kan kasko: icen yana nan, amma sai garwashi ya kama shi sannan ƙamshi ya tashi ya cika ɗaki. Da asuba, lokacin da Malam Ladan ke kunnawa, tururin da ke yawo cikin bututun kaɗan ne, don haka ultrabayolet ɗin kaɗan ne, farin garin bai samu abin da zai juya ba. Wutar da ke ratsa bututun ita ke ɗumama gilashin a hankali, zaiba na ƙara tashi, haske na ƙaruwa. Ƙwan ya fi ba da haske in wurin da ya fi sanyi a jikinsa ya kai wajen digiri 40. Tsakanin digiri 20 da 40 tururin zaiba na ninkawa kusan sau biyar. To ku kwatanta da asubahin Janairu a Katsina, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, ga iska na shigowa ta tagogin masallaci.

Jan da Malam Ladan ya gani a farko kuma, hasken iskar agon ne. Ita ce ke ɗaukar wutar kafin zaiba ta tashi ta karɓi aikin.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Malam, kana nufin zaiba ce a rataye a saman gadon yarana? Ba ita ce ake cewa guba ba?

Malam Lawal Fiziks:
Ita ce, Hajiya, kuma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman ga yara da mai ciki. Amma ki kwantar da hankalinki. Muddin gilashin bai fashe ba, ba abin da ke fita. Abin da ke ciki wajen miligiram 4 ne, alhali tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi da ake sa wa yara a hammata yana ɗauke da kusan miligiram 500. In ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga da ƙofa, a bar ɗakin kamar minti goma. Kada a sa tsintsiya, tana watsa garin. A kwashe da kwali mai kauri, a bi ƙananan da salatif ko jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka cikin kwalba mai murfi, a wanke hannu.

Ummi Batagarawa:
Malam Lawal, ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Na taɓa jin wani yana cewa farin garin ne sai ya sha wuta ya cika kafin ya fara haske, irin na agogon da ke haske cikin duhu. Ba ya cikin dalilan?

Malam Lawal Fiziks:
Lafiya lau Ummi. A'a, ba ya ciki. Garin na mai da martani cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Hujja kuma tana hannun Audu. Ka ɓalle farar hular ƙwan LED ka diba, za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo rawaya a jere. Wannan rawayan irin garin ne, an shafa shi a kan ƙwayar da ke ba da shuɗin haske, shi ke sa ya fito fari. Ga gari a jikin LED, amma ba ya jinkiri ko kaɗan, don ba zaibar da zai jira.

Ladan Rafindadi:
Jama'a, na yi gwajin yau da asuba, a gaban liman da mutum biyu daga kwamiti. Farko suka kawo dishi-dishi kamar kullum. Da suka yi fari na kashe, muka ɗan dakata, na kunna, sai ga haske fes nan take. Malam Lawal da Bishir, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya na lura da shi: na barandar waje ya fi na ciki daɗewa, kuma akwai guda biyu masu rufin gilashi zagayayye a kusa da mumbari, su ne na ƙarshe wajen cika haske, ko da yake a ciki suke.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
To wannan ne ya ɗaure mani kai. Masu rufin nan su ne masu tsada. Lokacin da nake sayar da su, kuɗin guda ɗaya zai sai maka biyu ko uku na tsirara. Kuma na sha karɓar ƙorafi a kansu, mutum ya dawo mani da shi ya ce Alhaji ka ba ni mataccen ƙwai. Malam, ya za a yi mai tsada ya fi mai araha jinkiri?

Malam Lawal Fiziks:
Alhaji, ranka ya daɗe, wannan tambayar ita ce zuciyar maganar, kuma amsarta ta shafe mu mu mutanen ƙasar zafi fiye da kowa.

Na ce ƙwan ya fi haske a wajen digiri 40. Abin da ban faɗa ba shi ne in zafin ya wuce haka, hasken raguwa yake yi. Tururin zaiba in ya yi yawa, shi da kansa yake tare ultrabayolet ɗin kafin ya isa jikin garin. Dogon ƙwan fulorasan na ofisoshi da azuzuwa bai cika samun wannan matsalar ba, don yana da tsawo, iska na bugunsa ko'ina. Amma da aka so a cusa dogon bututu cikin wurin da ƙaramin ƙwai ke zama, sai aka naɗe shi. Wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, Edward Hammer, shi ya fara murɗa shi a 1976, kamfanin ya ajiye aikin bai kai kasuwa ba. Philips ya fitar da nasa samfurin a 1980, Osram kuma ya kawo mai kayan lantarki a gindi a 1985. Bututun da aka dunƙule wuri ɗaya zafi yake tarawa, balle an ƙara kifa masa rufin gilashi.

Maganin da masu ƙerawa suka samo shi ne su gauraya zaibar da wasu ƙarafa, irin su indiyom da bismut, ta zama ɗan dunƙule da ake kira amalgam. Wannan dunƙulen riƙe zaibar yake yi, yana sakinta daidai gwargwado ko da ƙwan ya yi zafi sosai. Ribar ita ce a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ɗaki rufin kwano ba silin, mai amalgam zai riƙe haskensa, mai zallar zaiba kuwa zai dushe. Farashin wannan ribar shi ne in ƙwan ya huce, ƙarafan sun ƙanƙame zaibar, sai sun ji zafi sosai suke sakinta. Shi ya sa mai rufin, da yake amalgam ake sa masa, yake farawa da duhu fiye da na tsirara, ya kuma daɗe. Ko a Amurka, ƙa'idar Energy Star ta ingancin kayan wuta ta ba irin waɗannan har minti uku su kai kashi 80 cikin 100 na haskensu. Wasu kamfanoni na liƙa wani ɗan amalgam na biyu kusa da wayar bakin bututu, inda zafi ke fara isa, don a rage jiran.

Saboda haka, Alhaji, waɗanda aka dawo maka da su, mai yiwuwa su ne lafiyayyun cikin shagon.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Na ji bayanin, kuma ya shiga. Amma ban janye maganar jabu ba. Akwai wanda ko ya kwana a kunne ba zai yi hasken kirki ba.

Bishir Wayarin:
Kada ka janye Alhaji, gaskiyarka ce, sai dai cuta biyu ce daban. Na taɓa auna wani da aka rubuta wa wat 40, abin da yake ja bai kai rabin haka ba. Wannan ƙarya ce a kwali, jira ba ya gyara ta. Alamar mai sauƙi ce: wanda ya fara da duhu ya ƙare da haske, lafiyarshi lau. Wanda ya tsaya a duhunshi bayan minti biyar, ko dai jabu ne ko ya tsufa. Tsufan kuma ana ganinshi, ka diba gindin bututun inda ya shiga roba, za ka ga ya yi baƙi ƙirin, robar ta koma ruwan ƙasa.

Sannan akwai wani jinkirin da ba a taɓo ba, wanda ya fi shafar aikina. Wani ƙwan in ka danna makunni sai ya yi shiru kamar rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya, sannan ya kama. Wannan ba zaiba ba ce, kayan gindin ne. In ka fasa robar za ka ga ɗan faifai mai zagaye, da kafasito tsaye a tsakiya, da taransisto biyu, da 'yar naɗaɗɗiyar waya. Aikinsu su karɓi wutar gida mai juyawa sau 50 a daƙiƙa su mai da ita mai juyawa sau dubbai, su kuma harba bolt ɗaruruwa don wuta ta ratsa iskar. Na kirki sai ya fara ɗumama wayoyin bakin bututun tukuna kafin ya harba. Mai araha harbawa yake kai tsaye a kan waya mai sanyi, kowane kunnawa yana ɓantarar sinadarin da ke jikinta, shi ne baƙin da ke taruwa. Masu shekaru za su tuna dogon ƙwai mai cok da sitata, yadda yake ƙyafta ido sau uku huɗu kafin ya kama, har sai an hau kujera an murza sitatar. Aikin ɗumama wayar ne sitata ke yi, a enaji aka mai da shi cikin faifan.

Audu kuma ba a banza ya yi magana ba. In wuta ta yi rauni sosai, ko ƙaramin janareta ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinshi, enaji na ƙyafce-ƙyafce, ya daɗe bai yi zafi ba, ya mutu da wuri. Ba dai ita ce matsalar Baba Ladan ba.

Hajiya Binta Daura:
Sannunku da ƙoƙari. Tun da ana maganar, ni nawa akasin haka ne. Na kashe shi da dare, amma can cikin duhu sai ya riƙa walƙawa, ƙyal, ya ɗan jima, ƙyal. Jikata ta ƙi kwana a ɗakin, har an fara cewa a yi wa ɗakin addu'a. Ɗana Bishir, wannan fa?

Bishir Wayarin:
Hajiya, addu'a ba ta ɓaci, amma wannan aikin waya ne. Ɗayan biyu: ko makunnin irin mai 'yar jar fitila ne, ko wanda ya yi wayarin ya sa makunnin a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, ya bar mai wutar ta tafi holda kai tsaye. Ko wanne ne, 'yar wuta na silalowa tana taruwa a kafasiton nan, in ta cika sai ƙwan ya yi yunƙurin kamawa, ya walƙa, ta ƙare, ta sake taruwa. Ki sa a kira mai gyara ya diba da testa. In na biyun ne, a gyara da wuri, don holdar na da wuta ko makunni na kashe, wanda ya hau canza ƙwai zai iya shan ja.

Ladan Rafindadi:
To yanzu shawara nake nema. Tun da sanyi ne ke sa su nawa, in bar su a kunne daga isha'i har asuba? Wani ya ce mani wutar da suke ci wajen tashi ta fi ta barinsu a kunne.

Malam Lawal Fiziks:
A'a Malam Ladan, kada ka bar su. Wutar tashin ba ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙi na aiki ba. Abin da yawan kunnawa da kashewa ke ci shi ne ran ƙwan, ba kuɗin mita ba. Shawarar da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke bayarwa ita ce in fitar da za ka yi ba ta kai minti 15 ba, ka bar shi a kunne, in ta wuce ka kashe. Tsakanin magariba da isha'i kuna cikin masallacin, ku bar su. Da asuba ka riga jama'a da minti biyu ko uku, ai dama kai ke fara zuwa.

Audu Mai Sola:
Duk na yarda, amma Baba Ladan ina nan kan bakana. LED wat 9 zai ba ka hasken da enaji wat 14 ko 15 ke bayarwa, ba jira, ba zaiba, sanyi ma daɗi yake mashi. Ga masu inbata da batir wannan bambancin ba wasa ba ne. Kuma enajin ma ƙarewa yake. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018, a taronta na Bali a 2022 an tsayar da 2025 a matsayin shekarar daina ƙera irin na gida masu wat 30 zuwa ƙasa da shigo da su. Abin da ya rage a shaguna tsohon kaya ne.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Wannan gaskiya ne, ni kaina rabon da in saro enaji an jima. Amma kada a ɗauka LED ba jabu. Akwai wanda wata biyu ba ya yi yake fara rawa.

Bishir Wayarin:
Baba Ladan, ni ga yadda zan yi in ni ne. Na baranda da na wurin alwala da na bayi, inda sanyi ke bugu kuma ake yawan kunnawa da kashewa, a sa LED yanzu. Na cikin masallaci a bar su su ci lokacinsu, wanda ya mutu a maye shi da LED. Waɗanda aka cire masu rai a ajiye su zama safaya. Cire lafiyayyen ƙwai a jefa bola asara ce biyu, ga kuɗi ga zaibar da za ta fashe inda yara ke wasa.

Maman Khalifa:
Wannan ta ƙarshen ita ke damuna. Ina da matattu cikin leda a kicin, na so in haɗa su da shara a ƙona. Ya zan yi da su?

Bishir Wayarin:
Kada ki sa su wuta Hajiya, zafi ne ke tayar da zaibar, hayaƙin kuma ku za ku shaƙa. Ki fitar da su daga kicin, ki naɗe kowane da takarda don kada su bugi juna, ki sa a kwali ki ɗora sama inda yara ba su kai. Kada kuma ki ba yaran da ke yawon jari-bola, fasa gilashin suke da dutse don su ciri faifan da 'yar wayar tagullar da ke gindi, garin na bin hannunsu. In gindin ake so, mai gyara ya san yadda zai ɓalle robar ya bar bututun lafiya.